Samarin Kebbi da jitar Buzaye: son kiɗa daban, iya riƙon jita daban

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da samarinmu da jitar Buzaye ta shiga ransu, musamman na Kamba da Kangiwa da Argungu da Birnin Kebbi, inda kiɗan ke tsallako iyakar Nijar daga waya zuwa waya. Mu masu koyar da jita ne da gyaran kayan sauti, kuma jitocin da ake kawo mana a lalace ne suka sa muka ɗauki alƙalami.

Wanda ya ce kiɗan rok na Turawa ne kaɗai bai saurari ƙungiyar Tinariwen ba. Buzayen arewacin Mali ne, sun fara haɗuwa a Tamanrasset ta Aljeriya wajen 1979, kaset ya yaɗa su a Sahara tun babu mai buga musu faifai, har suka ci kyautar Grammy a 2012. Jagoransu Ibrahim Ag Alhabib da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Bombino na Agadas, lokacin da yake gudun hijira yana yaro, ya zauna gaban bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits yana kwaikwayon yatsunsu. Shi kuwa Mdou Moctar, bahagon nan na Nijar, kallon Abdallah Oumbadougou ne ya sa ya ƙera tasa jitar duk da gida ba a so, kuma a nan kusa da mu, Sakkwato, ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da salon waƙar Hausa ta situdiyo a cikinsa. Kowannensu son wani makaɗi ne ya juya masa rayuwa. Amma ku lura, babu wanda ya tsaya a kwaikwayo. Kiɗan molon gidansu da tafin matansu suka ɗora wa jitar lantarki, shi ya sa duniya ta waiwayo.

A nan samarinmu ke yin tuntuɓe. Yaro zai naɗa rawani irin na Buzaye, ya haddace baitin Tamashek, harshen Buzaye, da bai san ma'anarsa ba, ya tara kuɗin kabu-kabu ya sayo jita, bayan wata biyu ta koma rataye a ƙusa. Yawanci ba rashin baiwa ba ne, jitar ce ba ta kaɗuwa.

Kafin ka biya kuɗi, duba tazarar tsirkiya daga ƙarfe na 12 na wuyan jita. Ta lantarki ta tsaya wajen milimita 2. In ta kai 4, yatsa zai yi ta ciwo kuma sautin zai riƙa karkacewa ko da ka ɗaure ta daidai. Cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa da ɗan makulli domin miƙe shi. Rubu'in juyi kawai ake yi, a bar itacen ya kwana, sannan a sake dubawa. Masu gaggawa su kan murɗa har sandar ta karye, kuma gyaran wannan ya kan fi kuɗin jitar. Mai koyo ya sa tsirkiya mai laushi, wadda aka rubuta 9 zuwa 42 a jikin fakitinta. Minti 20 kullum ya fi awa 3 ranar Juma'a, domin kanta ba ta fitowa a kan yatsa sai an yi mako biyu zuwa huɗu ana taɓawa ba fashi. A goge tsirkiya da busasshen tsumma bayan kowane kiɗa. Gumin bazara kan cinye ta da tsatsa cikin 'yan makonni.

Sai yanayinmu, wanda ba a ƙera jita dominsa ba. Itacenta na son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturu kuwa yakan saukar da shi ƙasa da 20. Itace ya tsuke, bakin ƙarafunan wuya ya fito yana yankar hannu, fuskar jitar da ba ta lantarki ba ta tsage. Maganin bai kai kuɗin katin waya ba: a jiƙa soso, a matse shi har ya daina ɗiga, a sa cikin gidan sabulu mai huji, a rufe tare da jitar cikin jakarta, a sake jiƙawa duk kwana biyu ko uku. A watan Maris da Afrilu kuma, da zafi ke wuce digiri 40, jitar da aka bari cikin mota ko ƙarƙashin kwanon shago gam ɗinta zai saki, gadar da ke riƙe tsirkiya ta ɗago.

Amfilifaya, na'urar ƙara sautin jita, ta fi ba mu aiki. Wutarmu bolt 230 ce, ta gwanjo da ta fito daga Amurka kuwa 120 take ci. Karanta bayanta kafin ka jona, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. Kada a tada janareta alhali tana jone. A bari injin ya daidaita, a biyo da wutar ta sitabilaiza, a kunna da ƙarar a sifili. Wanda ya cire ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket ya san da ransa yake wasa, domin tsirkiya haɗe take da jikin amfilifaya, in wuta ta zubo babu hanyar ƙasa, ta hannunsa za ta bi zuwa leɓen da ke kan makirfo. Kunne ma yana da iyaka: ƙarar da ta kai 85 a ma'aunin desibel ana jure ta awa 8, amma a 100 minti 15 ne. Mai tsayawa gaban sifika daren biki ya toshe kunnensa, ko da za a yi masa dariya.

To, in jita ta zauna, me za a kaɗa? Abin da yawancin yaran ba su gane ba shi ne salon nan da suke so ba baƙo ba ne a kunnen Bakabe ko Bazamfare. Kan murya biyar yake tafiya, kamar yawancin kiɗanmu. Babban yatsa na riƙe tsirkiya mai kauri yana maimaita murya ɗaya, manuni na zuba waƙa a kan sirara, yadda mai molo ko garaya ke yi. Saboda haka wanda ya saurari garayar Kassu Zurmi da kunnen mai koyo ya riga ya yi rabin tafiya. A rage saurin waƙar a waya zuwa rabi, a ɗauki gaɓa ɗaya da ba ta wuce daƙiƙa 10 ba, a rera ta da baki tukuna, sannan a neme ta a wuyan jita. Wanda bai iya rera abu ba, yatsansa ba zai same shi ba. Haka nan amshin Musa Ɗanƙwairo na Bakura, ko na Sa'idu Faru, ko na Sani Aliyu Ɗandawo na Yauri, darasi ne ga ƙungiya: jagora ya jefa, 'yan amshi su karɓa, kotso bai taɓa hawa kan murya ba. Ƙungiyoyin yaranmu kuwa kowa so yake ya zama mai jitar gaba, babu mai son riƙe ta baya ko bes mai kaurin murya, sai ka ji mutum huɗu suna tsere a waƙa ɗaya. A fara da ƙwarya da tafi da jita ɗaya. In wannan ya zauna har mai wucewa ya gyaɗa kai, a ƙara ta biyu.

Maganar kuɗi ma a yi ta tun ran gini, tun kafin gayyatar biki ta farko: kason mai amfilifaya, kuɗin mai da na tsirkiya a cire su gefe, saura a raba yadda aka amince gaban shaida. Ƙungiyoyi da yawa ba kiɗa ne ya raba su ba, kuɗin liƙi ne.

Ga iyaye kuma, mun san abin da ke ranku, kuna tsoron shaye-shaye da yawon dare da sunan roƙo. Tsoron yana da tushe. Sai dai fasa jitar ba ya cire son, ɓoye shi kawai yake yi. Gara a sa sharaɗi: lokacin salla da makaranta da gona ba a taɓa su, a san gidan da ake gwaji da waɗanda ake yi da su, a tashi kafin magariba.

Muna kuma roƙon masu shirya bikin kamun kifi na Argungu su ware wa matasa masu jita fili kusa da makaɗan gargajiya, da sharaɗin kowace ƙungiya ta zo da waƙa ɗaya ta Hausa ko Zabarmanci ko Dakarci ko Fulatanci da ita ta tsara da kanta.

Naku,
Wasu masu koyar da jita da gyaran kayan sauti,
Birnin Kebbi.