Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Filaye da Tsara Birane

Mai girma Kwamishina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ranka ya daɗe, birni ya yi girma har ya haɗiye ƙananan hukumomi da yawa, amma har gobe kowace na yanka filayenta tana ba da izinin gini yadda ta ga dama. Wanda ke kwana a wannan hukuma ya yi aiki a waccan bai damu da iyaka ba, burinsa ya isa kan lokaci. Muddin taswirar filaye na hannun wasu, ta sufuri kuma na hannun wasu, za a kashe maƙudan kuɗi a gina tasha a inda ba kowa, jama'a na can nesa suna kokawar samun mota.

A 1947 birnin Kofanhagen na ƙasar Denmak ya fitar da tsarin yatsu biyar: sababbin unguwanni su bi layukan jirgin ƙasa da suka fita daga tsakiyar gari, a bar gonaki da dazuzzuka tsakanin yatsun. Ƙananan hukumomin kewaye duka suna ƙarƙashinsa, kuma har yau ana aiki da shi. Curitiba ta Brazil ma, da ta buɗe hanyoyin bas na musamman a 1974 zamanin magajin gari Jaime Lerner, ta ɗaure su da dokar gini. Dogayen benaye a bakin layi, tsayin gini na raguwa gwargwadon nisa da shi. Haka bas ɗin suka samu fasinja.

Inda na fi so ka duba shi ne batun fili. Da zarar an sanar da inda tasha za ta zauna, dillalai sun riga kowa, farashi ya tashi, talakan da aka yi layin dominsa ya koma bayan gari. A Hong Kong gwamnati kan ba kamfanin jirgin MTR damar gina gidaje da shaguna a kan tashoshinsa, ribar ta taimaka wajen biyan kuɗin layin. Ribar da aikin gwamnati ya haifar bai kamata ta ƙare a aljihun dillali ba.

Roƙona shi ne a kafa hukuma ɗaya da doka ta ba haƙori, shugabannin ƙananan hukumomi su zauna a cikinta da ƙuri'arsu, kada a mayar da su 'yan kallo. Ta keɓe filin da ke cikin tafiyar minti goma a ƙafa daga kowace tasha, wajen mita 800, tun kafin a sanar da layin, kuma a ware wani kaso na gidajen wurin ga masu ƙaramin ƙarfi.

Wassalam,
Wani mai hawa motar haya