Ƙorafi ga kamfanin da ya sayar mini da tsiron tankin kifi

Zuwa ga Manaja,

Bayan gaisuwa. Na fito da maganar nan fili ne saboda amsar da ma'aikacinku ya ba ni ranar 6 ga Mayu, da ƙarfe 4:20 na yamma. Na tura masa hotuna ta WhatsApp, ya rubuto mini cewa: "Oga, ciyawa ai ciyawa ce, zafin garinku ne ya kashe ta." Tun daga nan ko na buga waya ba a ɗauka.

Ranar 14 ga Afrilu na tura muku naira 38,000, har da kuɗin mota daga Legas zuwa Kano, na kofi uku na Riccardia chamedryfolia. Tsiro ne ɗan mitsitsi, kore shar mai duhu, rassansa kamar murjani, yana nitsewa ya kama dutse da kansa, kuma girmansa a hankali ne ƙwarai. Abin da ya sa yake da tsada ke nan. Kayan sun kwana a tasha ban san kwana nawa ba, babu wanda ya sanar da ni.

Da na buɗe, kofi ɗaya ya riga ya ruɓe, yana wari. Sauran biyun kuwa ba Riccardia ba ce, wata ciyawar ruwa ce mai araha, Riccia fluitans: launinta mai haske, kowane reshe ya rabu gida biyu, ba ta kama komai, da ka sake ta sai ta taso saman ruwa. Ko marigayi Takashi Amano na Japan, gwanin ƙawata tankin kifi da tsirrai, wanda ya yi fice da ita, da zare yake ɗaure ta a kan dutse. Ga gansakuka mai kama da gashi ta cakuɗe da ita, ga ƙwan dodon koɗi. Yanzu gansakukar ta bi itacen cikin tankina da na daɗe ina gyarawa.

Kuma Malam, zafi bai kashe komai a tankina ba. Ina da fanka a kan ruwan, ina da iskar CO2 da ake saka wa tsirrai a ruwa, jatan landena lafiya lau suke. Zafi ba ya mai da wani tsiro ya zama wani.

Ku dawo mini da kuɗina cif. Sannan ku cire hoton Riccardia ɗin daga shafinku, domin na gane ba kuskure ba ne: kuna saka hoton mai tsada, ku cusa mai araha a kofi, kun ɗauka mu na Arewa ba za mu iya bambancewa ba. Rasit da hotunan duk suna hannuna, kuma idan mako ya cika ban ji daga gare ku ba, hukumar kare haƙƙin masu saye zan kai su.

Naku,
Wani mai kiwon kifi a Kano