Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyar Iyayen Unguwarmu

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne.

A taron bara mun yi alkawarin ba za mu ƙara jira sai yaro ya faɗa shaye-shaye kafin mu tashi ba. Binciken da UNODC, wato ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Tun watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma duk wanda ya fito gayyar yashe kwata ya ga kwalabe da bawon taramol da idonsa.

Babban aikinmu na bana shi ne zaman iyali, a salon shirin Strong Families na UNODC. Makon farko iyaye kaɗai ake zama da su. Makonni biyu na gaba iyaye suna aji ɗaya, yara suna wani, sannan a haɗa kowane gida a kan tabarma guda. Azuzuwan Islamiyya muka ara, ranar Alhamis da ba a karatu. An tattauna yadda za a kafa wa yaro doka ba da bulala ba, da yadda zai ce a'a in abokai sun miƙo masa abu a majalisa.

Wani zama ba zan manta da shi ba. An ce kowane mahaifi ya faɗa wa ɗansa hali ɗaya da yake jin daɗinsa game da shi. Wani dattijo yana fuskantar ɗan farinsa, kunya ta hana shi magana, sai jan carbi yake. Can ya ce, bai kama sunan yaron ba, “Yana kula da ƙannensa.” Yaron ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga. Mahaifiyarsa ta ce yanzu bayan isha'i yakan zauna wurin baban su yi hira, maimakon ya wuce bakin titi.

Inda muka gaza kuwa shi ne wajen maza. Mata sun cika aji har ƙofa, mu kuma muna fakewa da kasuwa. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin yaro ɗan shekara 14 maganar uba yake jira. Da muka mayar da zaman maza zauren mai unguwa bayan isha'i, an fara zuwa, amma da sauran aiki.

Mun gayyato malamar jinya ta yi wa iyaye mata bayanin rigakafin ƙwayar cutar HPV, wanda aka fara yi wa 'yan matan Najeriya masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023 don kare su daga sankarar bakin mahaifa. Ta amsa tambayoyi kan jita-jitar hana haihuwa. Ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, matasanmu sun yi wasan kwaikwayo a filin ƙwallo.

Ma'aji zai karanto lissafi. Waɗanda ake bi kuɗin wata, don Allah a taimaka, da shi muke sayen takardu da ruwan sha. Zagaye na gaba zai fara bayan ƙaramar Salla, kuma gidan da zai shiga, uba ne zai zo ya rubuta suna.

Sakataren Ƙungiya