Tsofaffin kyamarorin da ake ta turo mana kyauta a Zariya

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce ƙaramin abu ne a wannan marra da kowa ke ta kansa, wato tsofaffin kyamarori masu aiki da fim da iyayenmu suka yi yayi, da kuma nagatif, wato wankakken fim da ake fitar da hoto daga jikinsa, da suka bari a gidaje da shaguna.

Ni sana'ata ɗaukar hoton biki da suna da walimar sauka, kuma da kyamarar zamani nake aiki kamar kowa. To tunda an san ni da hoto sai ya zamana duk gidan da aka yi rasuwa a dangi ko a unguwa, aka zo rabon gado aka buɗe adaka aka ci karo da kyamara, babu magajin da ke so a sa masa ita a kasonsa, sai ka ji an ce a kai wa wane mai hoto shi ya san kanta. Ban taɓa roƙa ba, ban taɓa saye ba, amma yanzu sif ɗina ya cika da su. Gwaggona da ke cikin birni wajen Ƙofar Doka ita ta fara, ta aiko a kira ni, na je ina zaton wani saƙon ne daban sai ta jawo wata jakar fata daga ƙarƙashin gado ta ce "ungo ɗan nan, kayan babanku ne, da in bar wa jikoki su farfasa gara kai." Na ce Gwaggo ai wannan abin a adana ne, ta ce to ai shi ya sa na ba ka.

Yashica ce a ciki, irin mai ido biyu ɗaya a saman ɗaya, wadda ba a kai ta fuska, a ƙirji ake riƙe ta a leƙa ta sama, kuma abin da kake gani a gilashin a juye yake, dama ta koma hagu, sai hannu ya saba. Faffaɗan fim take ci mai lamba 120, hoto 12 kacal a nadi ɗaya. Bayan ita wani maƙwabcinmu a Tudun Wada ya kawo min Zenit da yayansa ya zo da ita daga Rasha lokacin da ake tura ɗalibanmu karatu Tarayyar Sobiyet, nauyi kamar dutsen guga, in ka danna ta har na bayanka sai ya ji ƙarar. Wadda ta fi burge ni kuwa ƙarama ce, Olympus Trip 35, da aka yi ta ƙerawa a Japan daga 1967 zuwa 1984, ita ko batir ba ta buƙata, ɗan gilashin da ya zagaye idonta shi ke karɓar hasken rana ya auna mata komai, in haske ya yi kaɗan sai wani ɗan jan abu ya taso ya hana ka dannawa. Abu ya haura shekara 40 a akwati amma na fito da ita tsakar gida tana aiki, wayar da na saya bara kuwa har ta fara cin caji.

Kafin in je ga ainihin maganata bari in roƙi duk wanda irin wannan kyauta ta faɗo masa, don Allah kada ka buɗe bayanta. Wannan shi ne abu na farko da kowa ke yi, a ɓalle murfi a ga me ke ciki, alhali in akwai fim haske na taɓa shi shi ke nan an ƙone abin da ya yi shekaru yana jira. Ka fara juya ɗan marikin naɗe fim a hankali, in ka ji yana turjewa to akwai fim, sai ka danna ɗan maɓallin da ke ƙasa ka naɗe shi kaf ya koma gwangwaninsa tukuna. In da batir a ciki a cire shi, yawanci ya riga ya zubar da ruwa ya fara cin ƙarfen. Jakar fatar nan da ake ganin gata ce, da damina danshi take riƙewa har fumfuna ta yi saƙa a cikin gilashin, a raba su. Da hunturu kuma kar a goge ido da bakin riga, ƙurar ce za ta kakkarce shi, a hure tukuna. Kuma masu ɗiga man keken ɗinki a ciki wai ta yi laushi, haba jama'a, kashe ta kuke yi.

A cikin Zenit ɗin nan na tarar da fim baƙi da fari, sai na shiga neman inda za a wanke. Na zaga Sabon Gari da PZ har Samaru, duk sutudiyon da na shiga kwamfuta ce da firinta, wani yaro ma da na miƙa masa gwangwanin juya shi ya yi ta yi yana neman inda ake soka waya. Ban ga laifinsa ba, ai kamfanin Kodak kansa da ya riƙe duniyar fim sama da shekara ɗari sai da ya shigar da takardar karayar arziki a 2012, kuma abin mamaki injiniyansu ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko tun 1975. In uwar gidan abin ta durƙusa ina ga mai shago a Sabon Gari.

Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani dattijo da ya yi sana'ar tun zamanin Sarki Muhammadu Aminu, yanzu ido ya yi rauni yana zaune a gida. Da ya riƙe gwangwanin sai ya yi murmushi ya ce "yaro, kala ne ko baƙi da fari?" Na ce baƙi da fari ne Baba. Ya ce to da sauƙi, mai kala shi ne sai ruwan maganin ya tsaya daidai wajen digiri 38 ba ƙari ba ragi, shi ya sa sai inji, amma baƙi da fari digiri 20 yake so, su a zamaninsu in zafin bazara ya matsa sai bayan isha'i suke wanki, da ruwan randa, wani lokaci a sayo ƙanƙara a tsoma. Maganin sai da na yi odarsa daga Legas da tsada, muka toshe tagar banɗakinsa da bargo, yana faɗa ina yi. Da muka ɗaga fim ɗin a fitila rabinsa ya dusashe, amma sauran ga mahaya nan da rawuna da 'yan lifidi, hawan sallah ne a ƙofar fada, ga kuma wasu samari uku jingine da Vespa da wanduna masu faɗin ƙafa. Maƙwabcin nawa ya kalli na tsakiyar ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce yayansa ne.

To a wajen dattijon nan ne na ji abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na tambaye shi ina nagatif ɗinsa na shekara da shekaru, don a da mai hoto ke riƙe nagatif, kai hoton kawai za a ba ka, in kana son ƙari ka dawo a sake wanke maka. Ya ce buhu-buhu ne, da ya tashi daga shago ya zuba su a wani ɗaki, rufi ya yi yoyo, gara ta cinye ambulan ɗin da aka rubuta sunaye da kwanan wata, sauran yara suka share suka cinna wuta, na'urar fitar da hoton kuma 'yan gwangwan suka auna a kilo. Wallahi Malam Edita raina ya ɓaci. Wannan mutum ya ɗauki ɗaliban Barewa da na Jami'ar Ahmadu Bello tun tana sabuwa, ya ɗauki ma'aikatan reluwe, amare, mahajjata, naɗin sarauta, kasuwa kafin a sake mata fasali, duk sun tafi a hayaƙi, kuma na tabbata ba shi kaɗai ba ne a garin nan.

Wasu wuraren ba haka suka yi ba fa. A Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta da Malick Sidibé masu hoton unguwa ne kamar dattijon nan namu, mutane ke zuwa da kwalliyarsu a ɗauke su, bambancin kawai sun adana nagatif ɗinsu a tsare, yau hotunansu na rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, har Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venice a 2007. A nan gida ma akwai J.D. Ojeikere da ya rasu a 2014, wanda ya bi kitson matan Najeriya yana ɗauka har kusan dubu, da Solomon Alonge mai hoton fadar Benin wanda kayansa ke ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Amurka. Mu Zazzau me muka rasa? Garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin da ke da sashen zane-zane da duk Najeriya ta san da shi, ga masallacin Juma'a da shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina, da ganuwa da ƙofofi da kullum ake sake musu kama, a ce in kana neman hoton yadda Ƙofar Gayan take shekara 50 baya sai dai ka nemi wanda Bature ya ɗauka.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ɗauka kyamarar kakansa za ta saya masa fili. Gaskiya ne fim ya sake dawowa yayi a wajen matasan waje, Kodak da Ilford da Fujifilm suna yinsa har yanzu, Pentax ma ta fito da sabuwar kyamarar fim a 2024, amma irin su Zenit miliyoyi aka ƙera, na roba kuma da ake sayowa tsarabar Makka yawanci ba su da wani kuɗi. Wasu ƙalilan ne ke da daraja, su ma a tambayi wanda ya sani kafin dillali ya karɓe a banza. Nagatif ɗin da ke gefen kyamarar a cikin tsohuwar ambulan, wanda ake zubarwa ba a ko duba ba, shi ne ba a sake samun irinsa. Kuma ba sai da ɗakin duhu ba yanzu, ko da waya ana iya ɗaukarsa a kan farin haske a juya shi ya fito hoto, ballantana a samu sikana mai kyau.

Roƙona ga masarautar Zazzau da jami'a, musamman ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da sashen tarihi da na zane-zane, su ware ko ɗan ofis ɗaya ne inda mutum zai kai nagatif da tsofaffin hotuna a kwafa a mayar masa da abinsa, a sa ɗalibai su bi tsofaffin masu hoto gida-gida da rikoda tun suna da rai su faɗi wane ne wannan, wace shekara ce, ina ne nan, don hoto in babu mai bayaninsa rabinsa ya tafi. Cibiyar adana tarihi ta Gidan Arewa da ke Kaduna ma aikinsu ne. Sai dai a yi hattara, akwai hotunan matan aure da na cikin gida da masu su ba su ɗauka don duniya ta gani ba, ba daidai ba ne mutum ya samu ya watsa a Facebook don neman like, a nemi izinin iyalan tukuna, in sun ce a'a a bar musu.

Sannan in akwai mai karatu da ya san inda har yanzu ake wanke fim mai kala a Kaduna ko Kano, ko wanda ya iya gyaran irin waɗannan kyamarori, don Allah ya sanar ta wannan fili, akwai nadi biyu na Kodak Gold da aka kawo min daga wani gida a unguwar Kongo suna nan a firij ina jira.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai ɗaukar hoto, Tudun Wada, Zariya