Barka da Sallah daga Fukuoka

Assalamu alaikum Baba,

Barkanku da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Mun yi Idi a masallacin Fukuoka, a nan Japan, tare da 'yan Indonesiya da Masar. A nan ranar aiki ce, ana sallamewa kowa ya kama gabansa. Ni na nemi hutun yini, na hau jirgin ƙasa zuwa Dazaifu, inda akwai wani tsohon wurin bauta na Shinto, addininsu na gargajiya, mai suna Tenmangu. Ku kwantar da hankalinku, Baba, kallo ne ya kai ni. Ban rusuna wa komai ba.

Wanda suke bauta wa a wurin mutum ne, kuma malami. Sunansa Sugawara no Michizane, an haife shi a 845. Ilimi ne ya kai shi har muƙamin waziri a fadar Kyoto, sai wani babba daga gidan Fujiwara ya haɗa shi da sarki. A 901 aka koro shi nan, nesa da iyalinsa, ya rasu a 903. Sun ce bijimin da ke jan keken gawarsa ya kwanta a hanya ya ƙi tashi, aka binne shi a nan, daga baya aka yi gini a kan kabarin. Masifu suka yi ta aukuwa a Kyoto, har tsawa ta faɗa wa fada a 930 ta kashe fadawa. Suka ce fushinsa ne, suka mai da shi abin bauta, suna kiransa Tenjin.

Yanzu shi ne abin bautar ilimi a wajensu. Ɗalibai kan rubuta buƙatarsu ta cin jarrabawa a kan 'yan katakai masu kama da ƙananan alluna, su rataye, su shafi kan mutum-mutumin bijimi.

Wallahi mutumin ya ba ni tausayi. Kafin ya bar Kyoto sai da ya yi wa ume, wani itace mai fure da ke gidansa, waƙar bankwana, shi ya sa aka dasa irinsa wajen 6,000 a harabar. Shi korarsa aka yi, ni da ƙafata na zo, amma yau na san abin da ya ji.

A gaishe da Inna da Goggo. A ce wa Auta ya dage da karatu, muna yi masa addu'a. Goron Sallarsu na turo ta hannun Yaya.

Ɗanku.