Sanarwa kan Apache da Nginx kafin zaman Asabar

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu haɗa manhaja na Gombe. Tunda gardamar daren jiya kan wanda ya fi tsakanin Apache da Nginx, manhajojin saba da ke miƙa wa maziyarta shafukan intanet, ta ƙi ƙarewa, ga ra'ayina kafin mu haɗu a Tudun Wada ranar Asabar bayan La'asar.

Apache tsohon hannu ne, tun 1995 ake damawa da shi. Daɗinsa fayil ɗin .htaccess: kowace folda za ka kafa mata dokarta ba tare da ka taɓa babban saiti ba, shi ya sa masu WordPress, manhajar gina shafukan intanet, suka manne masa. Amma a tsarinsa na prefork, kowane haɗi na maziyarci da nasa ma'aikacin (wato kwafin Apache guda da ke aiki), in maziyarta suka yi cincirindo sai ya lashe RAM tas.

Nginx, wanda Igor Sysoev ya fitar a 2004, ma'aikata kaɗan ne ke riƙe masa dubban haɗi lokaci guda. A ƙaramar saba mai RAM gig 1, ni shi nake ɗauka. Sai dai bai san .htaccess ba, kuma in shafinka da yaren PHP aka rubuta shi, sai ka jona masa PHP-FPM, wata manhaja daban da ke gudanar da PHP ɗin.

Tomcat kuwa, manhajar saba ce ta masu rubutu da yaren Java, a fitar da shi daga rigimar nan.

Kowa ya zo da kwamfutarsa cike da caji, kun san halin wuta.