Zuwa ga ƙawata a Legas, kan maganar albashinki

Assalamu alaikum ƙawata,

Da fatan kina lafiya, ke da yara da maigida. Mu ma nan Kano alhamdulillahi, sai tsadar kaya da ta sa kowa a gaba.

Na ji saƙonki, kuma raina ya ɓaci. A ce ke kika koya wa yaron nan aikin ɗakin gwajin jini, ke kike duba sakamakonsa kafin ya fita, sannan a wayi gari albashinsa ya ɗara naki? Kin ce za ki haƙura don kada a ce kin cika son kuɗi. Ni ban goyi bayan wannan haƙurin ba.

Na san amsar da ake ba mu, don ni ma an taɓa ba ni ita a makarantar kuɗin da nake koyarwa: wai shi magidanci ne, ke kuwa ana ciyar da ke. To ciyarwa tsakaninki ne da mijinki, ba ruwan asibiti da ita. Asibiti aiki ya saya, aikin zai biya. Kuma wa ya ƙirga zawarawa da matan da mazajensu suka rasu, waɗanda su ne ke biyan haya da kuɗin makaranta? A cikin Suratun Nisa'i Allah ya ce maza suna da rabo daga abin da suka nema, mata ma suna da rabo daga abin da suka nema. Bai ce a rage na mace don tana da aure ba.

Doka ma tana tare da ke. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci biyan albashi ɗaya kan aiki ɗaya ba tare da duba jinsi ba. Lauyoyi za su ce babin da wannan sashen yake ciki ba a kai ƙara da shi kai tsaye. Amma Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta yi magana kan daidaita albashin maza da mata, tun 1974, kuma gyaran da aka yi wa kundin a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon aiki da irin waɗannan yarjejeniyoyi. Ba cewa nake ki garzaya kotu ba. So nake ki shiga ofishin nan kina sane cewa haƙƙi kika je karɓa, ba alfarma ba.

Kin tuna 'yan matan Super Falcons, masu buga wa Najeriya ƙwallon ƙafa? A ƙarshen 2016 sun doke Kamaru a Yawunde, suka ɗauko kofin Afirka, aka riƙe musu alawus. Suka ƙi barin otal ɗinsu a Abuja, har suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya, sannan aka biya su. Da ɗaya ce ta yi magana ita kaɗai, da tuni an cire ta daga tawaga.

Shi ya sa nake so ki fara da sauran matan sashenku. Wannan gargaɗin na “kada ki faɗa wa kowa nawa kike ɗauka”, mai asibiti kaɗai yake yi wa amfani. Ku zauna, kowacce ta fito da takardar albashinta. Ki rubuta shekarar da kika fara, da shaidar karatunki, da kwanan aikin da kike yi, da mutanen da kika horar. Ki nemi ganin manaja a rubuce, ki faɗi adadin da kike so da bakinki, kada ki ce “duk abin da ya sawwaƙa”. In ya ce zai duba, ki tambaye shi yaushe za ki dawo, ki ajiye kwafin komai. Kada kuma ki ambaci sunan yaron da zafi, ba shi ya yanka albashin ba.

In kin rubuta takardar, turo min ta WhatsApp in duba miki kafin ki miƙa. Ki gaida maigida da yara. Hajiya tana gaishe ki, ta ce ko za ku zo babbar salla.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta Kano